Kawu Mai Tsefe Hasken Taurari

Ban samu jana'izar Kawu ba. Da hantsi aka kira ni a wurin aiki a Kano aka ce ya cika, kafin in sami mota, kafin motar ta gama tsaye-tsayenta a Wudil da Gaya, an riga an kai shi makwancinsa. Na shiga Gafasa bayan la'asar, maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi, na raɓa ta gefe na shige wajen mata. Inna, matar Kawu, tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi a hannu. Umma, mahaifiyata, tana kusa da ita idanu sun kumbura, don Kawu wanta ne, shi take bi. Na durƙusa na gaishe su, na yi kukana, sannan na nemi wuri na zauna ina sauraren masu shigowa.

A nan raina ya fara ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba.

Kowa ya san yadda ake gaisuwar mutuwa. A ce ya haƙuri, Allah ya ji ƙansa, a yi addu'a, a tashi. Amma gaisuwar Kawu kowacce da jela take zuwa. Wata tsohuwa daga Toranke ta ce, "Allah ya gafarta masa," ta ɗaga kai wajen soron da ke bayan ɗaki, ta ƙara da cewa, "har da wancan aikin." Wata ta ce ai mutumin kirki ne, ko ɓarin goro bai taɓa karɓa a kan aikin ba, Allah ba zai ƙi duba wannan ba. Mata suka amsa da amin kamar ta faɗi abin arziki. Can wata da ban sani ba ta matso har gwiwarta na taɓa tawa, ta rage murya.

"Ke ce 'yar tasa ta birni? An ce ke ya bar wa. Ina da 'yar matsala, in an share makoki."

Na ce, "Ya bar mini me, Baba?"

"Kin gane ai."

"Wallahi ban gane ba. Faɗa mini da ƙarfi kowa ya ji."

Umma ta mintsine ni a cinya har sai da na ji a ƙwaƙwalwata.

Na gane sarai. Nufinsu Kawu mai duba ne, yana hawa soro ya tambayi taurari abin da Allah ya ɓoye. Ba su faɗa da ƙeta ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da tausayi suke faɗa, suna nema masa gafara a kan laifin da bai taɓa yi ba. Mutumin ya tafi, ba shi da sauran bakin kare kansa, kuma ina ji ina gani ana shirin ajiye shi a zukatan mutane da sunan da ba nasa ba.

Kawu malamin kimiyya ne. Ya koyar a sakandare a Gaya har ya yi ritaya, kuma da yawa daga masu zama a ƙofar gidan nan ya ja musu kunne a aji. Da ya dawo gida ya riƙe gonarsa kamar kowa, gero da wake da ɗan riɗi. Abin da ya bambanta shi, ya gina soro a bayan ɗakinsa, ya daɓe samansa, ya ɗora madubin hangen nesa da wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa daga waje. Garin duka bututu ake kiran abin, shi ma tun yana gyara wa mutane har ya gaji ya bi su. Kuma ba jinjirin wata yake nema ba, ba gamzaki ba. Taurarin da ya ƙwallafa wa rai, ido ma ba ya ganinsu.

Ni a ɗakin gwajin jini nake aiki a wani asibiti. Akwai na'urar da ke haska jini ta karanta abin da ke cikinsa daga yadda hasken ya fito. Ranar da na ba Kawu wannan labari ya ajiye kokon furarsa, ya ce, "To ai aikinmu ɗaya, 'yar nan!" Tun daga ranar na shiga uku. Ba na zuwa Gafasa in tafi ban sha karatu ba.

"Akwai taurarin da bibiyu suke zaune," in ji shi, "amma daga nan sai ki ga kamar ɗaya. Babban ja ne, ya tsufa, ya kumbura, iskar jikinsa sai zuba take. Ƙaramin fari ne, ga zafi kamar me, duk abin da babban ya zubar shi yake janyewa. Ya yi ta tarawa shekara da shekaru, ran da abin ya yi masa yawa sai ya kama da wuta, haske ya tashi. Ya yi watanni yana ci, ya lafa, a koma tarawa."

Inna tana tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai da yayanka ke nan." Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce wannan matar ta fi duk ɗalibansa.

Bututun shi ne abin kallo, amma aikin ba a jikinsa yake ba. Akwai wani ɗan gilashi zagayayye, bai fi murfin kwalbar man shafawa ba, an ja masa zane sirara waɗanda ido ba ya iya rabewa. Ana ɗaura shi gaban kyamara a jikin bututun. In hasken tauraro ya ratsa shi sai ya warware, ja a wannan gefe, shuɗi a wancan, kamar siririn bakan gizo. Kawu matsefi yake ce masa. "Haske a kitse yake zuwa," yakan ce, "sai an tsefe shi ake sanin abin da ke kai." A kan kwamfuta yakan nuna mini wurare masu duhu da faɗi, ya ce wannan hannun babban ne. Sai wasu layuka masu ƙyalli a tsaye, ya ce wannan iskar da ƙaramin ya gasa ce, jan nan mai kauri iskar haidirojin ce. Duk daren da sama ta buɗe sai ya ɗauka, da safe ya tura wa wasu masu irin wannan ƙwazo a ƙasashe daban-daban, ta yadda in hadari ya rufe wa wani, wani ya kama. Yakan ce a duk yankinmu ba su da kowa sai shi. Ban sani ba ko gaskiya ne ko cika baki, don Kawu bai rasa cika baki ba.

Yanzu ku ji yadda mutum yake jawo wa kansa.

Wata shekara, bayan an kai amfanin gona gida, ɗaya daga cikin taurarinsa ya tashi. Ya ga shuɗin ya ƙaru, wuraren duhun nan sun dusashe, jan layin ya yi faɗi. Shekaru yana jiran irin wannan. Duk mai hankali zai je ya tashi matarsa ya faɗa mata, ta ce masa sannu, a wuce wurin. Kawu sai ya nufi masallacin asuba da shi. Ana yin sallama ya juya ya ce wa sahu guda, "Jama'a, wani tauraro ya kama da wuta!" Aka fito aka ɗaga kai, ba a ga komai ba, don ko da ya tashi ɗin ido ba ya kai masa. A makon nan gobara ta cinye rumbunan wani gida ta hanyar Toranke. Shi ke nan. Malam ya ga wuta a sama, wuta ta sauka a ƙasa, kuma shi kaɗai ya gani. Ba wanda ya tsaya tambayar wace ce ta bar garwashi kusa da karan dawa.

Sai kuma maganar saniya. Wani makiyayi daga rugar bayan gari ya zo da rana tsaka, saniyarsa mai ciki ta ɓace, ya yi yawo har ƙafa ta fashe. Ya tsuguna a zaure ya ce a taimaka masa. Kawu ya ce shi ba ya irin wannan aiki. Mutumin ya ƙi tashi, hawaye na neman zubo masa. Tausayi ya kama Kawu, ya ce to zo mu hau, daga sama ana hango fadama. Ya karkata bututun ƙasa ya yi ta bin kurmi da shi, can sai ga ta a gindin wata tsamiya, igiyarta ta sarƙe. Ya ce wa makiyayin sa idonka. Abin da bai gaya masa ba, irin wannan madubi a juye yake nuna komai. Mutumin ya ga saniyarsa ƙafafu a sama, kai a ƙasa, tana kaɗa jela. Ya yi salati ya ja da baya. Ya je ya kwanto abarsa, kuma kafin kasuwar Ajingi ta ci, babu rugar da ba a san Malam yana kiran dabba ta bayyana a cikin bututu a kife ba. Ƙwaryar nonon da aka yi ta aiko wa Inna a watan nan, har maƙwabta sai da suka gaji da sha.

Ina jin haushin mutanen gari, amma wallahi ina jin haushin Kawu ma. Bai iya cewa a'a ya tsaya a nan ba, sai ya haɗa da zolaya. A zo a ce Malam wace rana ta dace da ɗaurin aure, ya ce, "Ranar da ango ya gama rufin ɗaki." A tashi ana jinjina kai, an samu amsa. A ce yaushe za a yi shuka, ya ce, "In ƙasa ta jiƙa har ta kama dunduniya." Abin da kowane manomi ya sani ne, amma da yake daga bakin mai bututu ya fito, sai ya zama magana. Na sha ce masa, Kawu ka daina, mutanen nan ba su san wasa kake ba. Sai ya ce, "Ƙyale su, 'yar nan, ranar da suka hau soron za su gane." Ba su hau ba. Shi kuma ya tafi ya bar ni da su.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Kawu Babba, wansu duka. Shi ya riƙe Kawu da Umma bayan rasuwar kakanmu, shi ya kai Kawu makarantar boko a bayan keke lokacin da dangi ke cewa a bar shi a gona. Mutum ne mai kame kai, daga gona sai masallaci. Ya daɗe yana haɗiye maganganun mutane, har aka zo kan fitila. Wani ɗan siyasa ya kafa fitilar sola a bakin layinsu, gari ya yi murna, mai shayi ya dawo da teburinsa ƙarƙashinta. Hasken kuwa kai tsaye yake dukan soron Kawu, yana hana shi ganin taurari. Bai yi shawara da kowa ba, ya samo doguwar gora ya ɗaura tsohon bokiti, in an watse daga hira sai ya kife wa fitilar, da asuba ya cire. Rannan ya makara, masu zuwa masallaci suka tarar da fitilar gari sanye da hula.

Ina gidan aka yi ta, na zo hutun salla. Kawu Babba ya shigo ko sallamar kirki babu.

"Mutane na neman haske, kai kana neman duhu. Me kake so a ce da gidanmu?"

"Yaya, bokiti ne fa."

"Ba maganar bokiti nake ba, ka sani. Kullum sai an tare ni a hanya, a ce ƙaninka ya ce kaza zai faru. Ka ji tsoron Allah. Kabari za ka shiga kai kaɗai."

Kawu ya daina murmushi. Ya ce, "Yaya, hasken da nake kamawa ya baro wurinsa tun ba a kafa Gaya ba. Tsohon labari nake karantawa. Wanda bai gama jin na jiya ba, ina zai san na gobe? Hau ka gani da idonka, sau ɗaya tak."

"Ƙafata ba za ta taka soron nan ba."

Kuma ba ta taka ba. Daga ranar suka daina cin tuwo a kwano ɗaya, sai gaisuwa a tsaye. Da daminar ta zo Kawu Babba ya kwanta ciwon baya, ciyawa ta nemi cinye masa gero. Kawu ya riƙa saɓa fartanya da sassafe yana nome masa gona kafin ya wuce tasa, har ya gama ta tas, bai ce wa kowa komai ba. Da Kawu Babba ya miƙe ya je ya gani, ya san aikin wane ne, don Kawu a karkace yake jan kunya tun yana yaro. Ya aika da zabuwa gidan Inna, aka ci, aka ci gaba da gaba. Irin taurin kan gidanmu ke nan, ni ma ban tsira ba.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, na tarar ya rame, hawan soron ma sai ya huta a tsakiya. Ya nuna mini wani tauraro da ya daɗe yana bi, ya ce jan layinsa ya fara kauri, yana jin wannan ya kusa tashi. Sannan ya ce, kamar maganar cefane yake, "In ba na nan, ki kwashe kayan nan. Ko a saman benen asibitinku ne ki kafa. Kada a bar shi ba mai kallo." Na ce Kawu bar wannan magana. Ya ce ya bari.

Ranar sadakar uku, tun da safe mata na fama da gumba da waina, Umma ta ja ni bayan rumbu. Ta ce Kawu Babba ya yanke magana, in baƙi sun ragu za a sauko da bututun da duk tarkacensa, a farfasa, a zuba a tsohuwar rijiya, don mamaci ya samu sauƙi. Haka ake yi da kayan mai tsibbu in ya mutu. Ta ce in rufa mata asiri kada in yi rashin kunya. Na ce ba zan yi ba, amma wallahi sai dai a haɗa da ni a rijiyar. In aka fasa kayan nan a gaban gari, an buga wa maganar hatimi ke nan, jikokinsa ma da ita za su tashi.

Bayan azahar na sa hijabi na aika a yi mini iso zaure. Kawu Babba yana zaune da liman da wasu dattawa. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na gaishe su, na ce ina da roƙo.

"Kawu, kafin a fasa, a bar Malam liman ya duba abin da za a fasa. In ya ce haram ne, ni zan ɗauko taɓarya."

Kawu Babba ya ce, "Wannan ba maganar mata ba ce."

Na ce, "Ni ya bar wa amanar, Kawu. Da namiji ya bar wa, da namiji ka gani."

Na ji Umma ta ja numfashi a bayan ƙyaure. Liman, Allah ya saka masa, ya ce maganar yarinyar nan ba ta kauce ba, ba a hukunci a kan abin da ba a gani ba. Aka sauko da bututun tsakar gida, tunda an rantse ba za a hau ba. Na saita shi kan ƙarfen sabis ɗin waya da ke can bakin titi. Liman ya cire hula ya sa ido, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Ga tsuntsu nan a kai. Amma a kife yake."

Dattawan suka dubi juna. Na shiga madafa na ɗauko babban cokalin ƙarfe, na goge shi da gefen hijabi, na miƙa masa. Na ce ya dubi fuskarsa a cikin kwarmin. Ya duba, ya ga gemunsa a sama. Dariya ta ƙwace masa a gidan makoki har sai da ya yi istigfari. Cokalin ya zaga hannu hannu. Liman ya ce wannan madubi ne kawai, irinsa ake neman jinjirin wata da shi a wasu ƙasashe, kuma duban halittar Allah don a san girmansa ba laifi ba ne. Ya ce shi kansa ya yi sakaci da bai zo ya gani ba tun marigayi na da rai. Ni dai na danne abin da ya zo mini baki.

Kawu Babba bai karɓi cokalin ba, bai kuma sa ido a bututun ba. Ya ce tunda liman ya faɗa, a bar mata. Ya tashi ya koma zaure yana jan ƙafa. Na ɗauka kunyar kaye ce, har na ji wani sanyi a raina, na ce yau dai na ƙwato wa Kawu sunansa.

Sai na ce bari in ƙarasa aikin, in nuna musu matsefin, su ga yadda yake warware hasken rana a jikin bango. Na buɗe akwatin kayan, babu. Na duba jikin kyamara, babu. Na hau soro na sauko, na zazzage aljihunan rigunansa. Na je na tambayi Inna.

Ta ce, "Ɗan gilashin nan? Ai a wuyansa yake. Tun da ya taɓa suɓuce masa daga soro ya faɗa kan tarin harawa, ya kai wa baduku ya ɗinka masa gida na fata, ya sa igiya. Ko wanka zai shiga sai ya rataye a ƙusa inda zai riƙa ganinsa. Tambayi wanda ya yi masa wanka."

Kawu Babba ne ya yi masa wanka.

Na same shi shi kaɗai a zaure, baƙi sun tafi sallar la'asar, shi bai tashi ba. Na durƙusa. Na ce Kawu akwai abin da aka cire a wuyan marigayi. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya ce in matso.

"Ba wanda ya gani sai ni," ya ce a hankali. "Ina zare masa riga na ji laya a wuyansa. Na dunƙule a hannu na sa a aljihu kafin na kusa da ni ya lura. Da aka dawo daga maƙabarta na kai bayan gida na sa a kasko na ƙone, na binne tokar. Ko liman ban gaya wa ba. Ke ma ki rufe bakinki. Ƙanina ne, duk abin da ya yi."

"Ka buɗe ka ga abin da ke ciki?"

"Ana buɗe laya ne? Na dai ji ta yi ƙara a cikin wutar."

Na zo da faɗa cike da bakina, na rasa wanda zan yi da shi. Ga mutumin da ya hallaka abin da Kawu ya fi ƙauna a duniya, kuma don ya rufa masa asiri ya yi.

Na ce, "Kawu, gilashi ne."

"Gilashi?"

"Gilashin da yake sa wa bututun. Shi ne ya yi ƙara, zafi ne ya fasa shi. Tambayi Inna, tambayi baduku, yana nan da ransa."

"Babu rubutu a ciki?"

"Ko ɗigo babu."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Tsoho ne da ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba balle hawayensa, sai ga hawaye na bin gemunsa.

"Da hannun nan na wanke shi ina jin haushinsa," ya ce. "Na sa shi a kabari ina cewa a raina, ka ga abin da na gaya maka. Tun ranar ban runtsa ba, ina roƙon Allah ya yafe masa shirka." Ya share fuska da hannun riga. "Ashe ni ne mai neman yafiya, kuma wanda zan roƙa ya tafi."

Gilashi ana sayensa. Na riga na sa an nemo mini wani, yana hanya, ko da yake kafin ya iso tauraron nan yana can ba mai tsefe haskensa daga wajenmu, in ya tashi a tsakanin nan kuma ya tashi ke nan. Wannan yana cina, amma da sauƙi. Abin da na kasa haɗiyewa, taku kaɗan ne tsakanin zauren Kawu Babba da soron nan, shekara da shekaru, kuma sau ɗaya aka roƙe shi ya hau.

Na ce masa ya fita ƙofar gida ya faɗa wa mutane da bakinsa. Ya girgiza kai.

"Kin san garin nan. In na buɗe baki na ce na cire abu a wuyansa, ba mai jiran ƙarshen maganar. Kafin gobe an kai Ajingi cewa an sami laya a jikin Malam." Sannan ya ce, "Ke da kika iya rubutu, ki rubuta. Ki faro daga farko, yadda ba mai yanke ki a tsakiya. Ki sa har da abin da na yi. Kada ki rage mini komai don ina kawunki."

To ga shi na rubuta, Kawu Babba, kuma ban rage maka ba.

Allah ka ji ƙan Kawu, ka yalwata masa makwanci, ka yafe masa zolayarsa da taurin kansa, waɗannan kam ya yi su. Wanda duk ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ya tsaya a inda addu'a take tsayawa, kada ya ƙara komai a kai. In da sauran wata addu'ar a bakinsa, ya ba wa tsohon da ke zaune a zaure a Gafasa, shi ya fi bukata yanzu.